Ramin Jar Ƙasar Kakata

Yau idan aka yi hutun makaranta, jikokina sukan dawo gida da kwalin fenti mai gida-gida, kowane gida da launinsa. Su ɓata rabi a takarda, rabi a riga, in ya ƙare a sayo wani a bakin tasha. Ba mai tambayar daga ina ja ya fito, ko wa ya sha wahalar shuɗi. Lokacin da nake yaro a Illela ba haka abin yake ba. Kowane launi yana da mazauninsa, yana kuma da mai shi. Baƙi na malamai ne, su ke dafa tawada da ƙaro. Shuɗi na marina ne. Jan fata na dukawa ne, daga karan dafi. Jan bango kuwa, daga garinmu har ƙauyukan da Faransa ta yanke ta haɗa da Kwanni, a hannun mace ɗaya yake, kakata, wadda ta haifi ubana.

Sana'arta shafen ɗaki. In za a yi biki, ko mace ta haihu tana son a ga ɗakinta ranar suna, ko falke ya dawo ya ta da sabon gini, kakata ake kira. Takan jiƙa jar ƙasarta kwana biyu cikin ruwan bagaruwa, ta tace da tsumma, ta shafa da tafin hannu tun daga ƙasa har inda hannunta ya kai. Sai ta bi da wani dutse mai sulɓi, ta yi ta guga, ta yi ta guga, har bangon ya riƙa ɗaukar ido kamar an zuba masa mai. Kafin ya bushe takan ja zane da ɗan yatsa: igiya, da sawun tsuntsu, da wani kewaye-kewaye da ba ta taɓa gaya mini sunansa ba. Na ga bangon da ta shafa tun ubana bai yi wayo ba. Yara sun jingina, awaki sun goga, bai dushe ba.

Wuri ɗaya tak ake samun ƙasar, a gefen wani tudu kusa da tafkin da ke yamma da gari. Saman tudun marmara ce mai kauri. Ƙarƙashinta jar ƙasar ta kwanta siririya, kaurinta bai fi taƙi ɗaya ba. Ta gefe ake shiga, da rub-da-ciki, ta wata 'yar ƙofa. Wurin ba ɓoyayye ba ne, kowace mace a gari ta san shi. Abin da kakata ta gada wurin uwarta shi ne tsaronsa da dokokinsa. Ba a shiga sai da rani. Ba a sa ƙarfe, da sakaina ake kankara, wato fasasshiyar ƙwarya. In an kankare nan sai a tsallake nan, a bar wani dunƙule yana tokare da marmarar. Kafin ruwan fari kuma, ita da kanta takan toshe ƙofar da falalen duwatsu, ta liƙe da laka, ta jibga ƙaya. Tun ina da shekara kamar shida ta fara tura ni ciki, don jikina ya fi nata shiga lungu. Har yau ina jin sanyin wurin a cikina.

Ni ne jikanta na fari namiji, saboda haka mijinta ne ni a wasa. Da aka ɗauke ni zuwa makarantar Midil a birni, ta ce an raba ta da miji ba saki. Duk hutun da na dawo takan tare ni tun daga zaure.

"Maigida ya dawo! Mi ka kawo ma iyali? Takarda? Ita za mu ci?"

"Tsohuwa, ai na sake ki tun bara. Na yi amarya a birni."

"Wace makauniya ta amshe ka da ƙafahun nan kamar na zalɓe?"

A shekarata ta biyu a Midil aka kawo wani Bature baƙo. Ba malaminmu ba ne, zagaya makarantu yake yi yana koyar da zane, mu kuma muka sa masa Baturen zane. Ya ce ba a koyon zane cikin aji, sai a daji, gaban abin da za a zana. Sai ya nemi a ba shi yara na mako biyu cikin hutun damina. Hutun nan an sa shi ne don mu je mu taya iyayenmu noma, amma ba a tambayi uban kowa ba. Wani ya ba shi labarin tsuntsayen tafkinmu, shi ke nan aka ɗora mu a hanya, mu ashirin da 'yan kai, tare da malaminmu na lissafi don ya kula da mu. Ubana yana gona, gero na neman maimai, ni ina zaune ƙasa da tafiyar sa'a ɗaya daga gare shi, ina zana gawo.

Ba zan yi ƙarya ba, kwanakin farko sun yi mana daɗi. An kafa mana rumfunan zana a kan wani jigawa, shi kuma ga tantinsa da kukunsa. Da safe a raba takarda da fensir, kowa ya nemi wurin zama. Gauraka na sauka a bakin ruwa, ga dinya, ga belbela na bin shanun Fulanin da suka yi ruga can gaba. Matansu kan kawo nono da hantsi, su tsaya bayanmu suna leƙen takardu suna dariya. Wata ta dubi saniyar da wani abokina ya zana, ta ce in tata ce yanka ta za ta yi tun ba ta mutu da kanta ba. Baturen ma ba mugu ba ne a fuska. Bai taɓa dukan kowa ba. Shi ya fara nuna mini cewa inuwa ba baƙa ba ce, tana da launi, kuma da na duba sai na ga gaskiyarsa. Abin da ya sa nake jin zafinsa har yau ke nan. Da mugu ne, da na san inda zan aje shi.

Yana da akwatin fenti guda, na ƙarfe, mai 'yan dunƙule-dunƙule da ake shafa da burushi mai ruwa. Yara ashirin a kan akwati ɗaya, kowa kuma ja yake so. Kafin mako ya cika ja ya ƙare ƙarƙaf. Ranar Juma'a aka bar ni na je gida. Na ba kakata labari, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Bature guda da jan da bai kai goro ba? Ungo, kai mishi. Shi ga launi na gaskiya."

Ta ɗauko mini curi ɗaya daga tukunyarta, kamar ƙwan zabo. Washegari na jiƙa shi da ƙaro, na zana gaɓar tafki da shi. Baturen ya zo wucewa ya tsaya. Ya ɗaga takardar yana juya ta a rana. Ya lakaci ƙasar ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina. Sannan ya tara yara duka ya ce manyan masu zanen ƙasarsu da irin wannan ƙasa suka yi aiki, kuma bai taɓa ganin mai kyan wannan ba. Ya dafa kafaɗata. Ba Baturen da ya taɓa dafa ni kafin ranar. Ya ce, "A ina ake samunta?" Na miƙa hannu na nuna masa tudun. Daga inda muke tsaye ana hango shi.

Da yamma muka je ya gani. Na nuna masa ƙofar a toshe, na ce masa ba a buɗewa sai rani. Ya zagaya, ya hau sama, ya buga marmarar da dugadugin takalminsa. Ya ce shiga da rub-da-ciki aikin gafiya ne, abin da ya kamata shi ne a fasa daga sama a yaye murfin, ƙasar ta fito fili. Ya aika masinjansa wurin masu gyaran hanya a aro diga da shebur.

Masu tallar nono suka kai wa kakata labari. Washegari da hantsi, za mu fara sara ke nan, sai ga ta da sandarta, ta ci ɗamara kamar mai zuwa daɓe. Ba ta dubi Baturen ba.

"Sannunku da aiki. Wa ab babba nan?"

Malaminmu ya matso. "Sannu, Inna. Ga shi nan, Bature ne."

"Na san Bature na, ba makauniya nike ba. Kai, maigida, taho. An ce bakinsu kaka ji, to yau ga ranarka. Gaya mishi ramin ga ba shi son ƙarhe. Gaya mishi ba a buɗe shi da damana."

Na faɗa masa da Turanci daidai yadda ta ce. Ya yi murmushi, ya rage tsawo kamar mai magana da ƙaramin yaro. Ya ɗan tsinci Hausa a yawonsa. Ya ce, "Aljannu, ko?"

Kakata ba ta ambaci aljani ba. Mace ce mai salla da azumi, ban taɓa ganin ta zuba ko ɗigon nono a bakin ramin nan ba. Amma abokaina suna tsaye, wasu 'ya'yan birni sun fara ƙunshe dariya, ni kuma jiya-jiya aka dafa kafaɗata. Sai na ce masa, "Haka tsofaffi suke cewa."

Ita ba ta san abin da na ce ba, ta ci gaba. Ta buga marmarar da sanda.

"Wagga ita ka tare ruwa. In kunka hwasa ta, ruwan tudun ga duka nan za shi bi. Ƙasar ga ba ta jimirin ruwa, narkewa taka yi kamar gishiri. Tun uwata, tun uwar uwata, ba a bari ko raɓa ta taɓa ta ba. In ja shika so, ina da rabin tukunya gida, shi aiko a ɗauka duka. Shi bari rani shi yi, ni da kaina in shiga in cika mishi buhu. Gaya mishi!"

Na yi shekaru ina tafinta bayan wannan. Na yi tsakanin Larabawa da alhazanmu, na yi tsakanin Faransawa da fatake, na san nauyin maganar da aka ɗora wa mutum ya kai. Ranar nan duk wannan bayani nata, mai kai da ƙafa, na dunƙule shi na ce, "Ta ce ruwa zai ɓata." Ban san sunan marmara da Turanci ba, gaskiya ne. Amma na san tukunya, na san buhu, na san rani. Kunya ce ta hana ni, kunyar a ga kakata tana ja-in-ja da Bature a gaban 'yan ajinmu.

Malaminmu kuwa ya fi ni Turanci nesa ba kusa ba, kuma ya ji komai. Yana tsaye yana gyara bakin rawani.

Baturen ya ce in gaya mata yana girmama tsofaffi da al'adunsu. Kaɗan za mu ɗiba. Kuma alheri zai yi mata, domin daga yau ba za ta sake jan ciki da tsufanta ba, har matakala zai sa a yi mata. Na gaya mata wannan, shi kam ban rage ko kalma ɗaya ba. Ta dube ni, ta juya wurin malam.

"Malam, kai mi kac ce? Kai dai ɗan ƙasa na. Ka san ruwa."

"Inna, ki yi haƙuri. Mu 'yan rakiya ne."

"Ɗan rakiya da wanga uban rawani?"

Yara suka fashe da dariya, malam ya daka musu tsawa. Ita kuma ta nemi dutse ta zauna, ta aza haɓa a kan sanda. Ina tsaye ban san inda zan sa kaina ba, sai ta ce, a hankali, ba cikin wasa ba, "Amshi diga, maigida. Kai ka san wurin, kai ka kawo su. Kada wani shi riga ka."

Na karɓa. Ban san dalili ba har yau. Ina jin na ga sara ya fi tsayuwa gabanta sauƙi.

Kwana biyu muna fasa marmarar nan. Hannuwanmu suka yi kanta. Da muka kai ga jar ƙasar, fili ya buɗe kamar faɗin ɗaki biyu, ja wur, rana na dukanta karo na farko tun da Allah ya halicce ta. Yara suka yi sowa. Dunƙule-dunƙulen da kakata da uwarta suka bari suna tokare da saman, duk muka bi su da shebur, don sun fi sauƙin ɗiba. Muka cika kwanduna muka jera a bakin rumfa. Abin da kakata kan ɗiba a rani uku, mun kwashe shi a wuni ɗaya, mu da ba ma bukatar abin da ya fi cikin ƙoƙo.

Rana ta biyu da la'asar ta dawo da mata huɗu, ɗauke da tsofaffin zana da tabarmi. Suka shimfiɗa a kan buɗaɗɗen wurin, suka danne da duwatsu. Bai rufe ko rabi ba. Baturen ya tsaya yana kallonsu da sha'awa, har ya ciro ɗan littafinsa ya zana su a tsugune.

Washegari da safe hadari ya taso daga gabas. Ruwa ne irin na tsakiyar damina, wanda ba ya sallama. Muna cikin rumfa muka ga ruwan tudun ya haɗu wuri ɗaya, kamar yadda ta faɗa, ya nufi ramin da muka buɗe masa. Zanan suka taso suka bi ruwa. Sai ga wani rafi ja ya gangaro, ja kamar an yanka shanu goma, ya ratsa ciyawa ya faɗa tafki. Bakin tafkin duk ya rine. Baturen ya fito da gudu, masinja na riƙe masa da laima, yana kiranmu mu zo mu ga launi. Ya kafa allonsa ya fara zanawa. Wallahi da idona na gani. Abincin kakata da gadon uwarta suna tafiya cikin ruwa, shi yana cewa mu lura da yadda jan yake haɗuwa da kore.

Bai gama ba muka ji wani ƙugi daga tudun. Sauran marmarar, da yake ba abin da ke tokare da ita, ta karye ta zauna, gefen tudun ya zame ya bi ta. Da ruwa ya ɗauke muka je. Babu ƙofa, babu rami, sai wani sabon kwazazzabo cike da tsakuwa da laka. Kwandunan da muka jera ma ba wanda ya tuna ya shigar da su, rabinsu ya narke a wurin.

A nan ne ya gane. Na ga fuskarsa ta sake. Ya tambaye ni ko akwai wani ramin, na ce babu. Ya ce me ya sa ba a gaya masa ba. Wannan tambaya ta fi komai ƙona mini rai. An gaya masa. Tsohuwa ta tako tun daga gari ta gaya masa, ya ji rabin farko ya sa mata sunan camfi, bai ko nemi jin sauran ba. Laifina na ɗauka, ban kai saƙo ba. Amma mutumin da ya tsallako teku don ya koya wa yara duba abu da kyau kafin su zana shi, ya ga ƙofa an toshe da duwatsu, an liƙe da laka, an jibga ƙaya, bai tsaya ya ce wanda ya yi wannan wahala me yake tsoro ba. Gawo ya sa mu duba kwana biyu kafin mu sa fensir. Ramin kakata zagaye ɗaya ya yi masa.

Ranar da za a tashi ya sa aka kira ta. Ya ba ta haƙuri, na kuma fassara. Sannan ya miƙa mata akwatin fentinsa kyauta. Ta buɗe, ta duba gida-gida.

"Ina jan?"

Na ce, "Ya ƙare, Kaka."

"To."

Malam ya sunkuyo ya ce, "Inna, ki yi godiya mana."

Ta ce, "Kai yi mishi, malam. Kai ka iya."

Ta aje akwatin a kan dutse ta tafi. Baturen ya ɗauki buhu ɗaya na ƙasar da ta tsira ya ɗora wa jaki, ya ce zai nuna a ƙasarsu. Sauran abin da ya rage, mata suka tattara daga cikin laka suka kai wa kakata. Da shi da rabin tukunyar gida, ɗaki uku suka shafa. Mutum fiye da goma ke jiranta a ranin nan, wasu tun bara suka yi magana. Ita ta zaɓi ukun, sauran ta bi su gida-gida tana ba da haƙuri, kamar ita ta yi ɓarnar. Ubana ya so ya dake ni, ta hana. Ta ce yaro an tambaye shi ya nuna, ba shi ya aro diga ba. Ba ta san abin da na yi da maganarta ba, ban kuma gaya mata ba sai bayan shekara biyu. Da na faɗa, sai ta ce ta sani tun ranar, domin ta yi magana mai tsawo ta ji na yi gajera.

Da rani ya yi, duk hutun da na samu muna tudun nan ni da ita. Na haƙa ta gabas, na haƙa ta arewa, na bi kwazazzabon da sakaina ina kankara. Mukan sami ɗan jirwaye ja kamar zare, mu bi shi, ya ɓace cikin tsakuwa. Ƙasar dama ba ta da faɗi, iyakarta inda muka yaye. Wani Bafulatani ya gaya mata akwai mai kama da ita a hayin Faransa, bayan Kwanni. Ta hau jaki ta je sau biyu, a lokacin da mutane ke gudun wancan gefen saboda aikin tilas. Ta dawo da wata ƙasa fara-fara mai yashi. Ta shafa a bangon ɗakinta don gwaji, ta goga, ta ƙi ƙyalli, kafin wata ya zagayo ta tsattsage ta zube. Ta ce ba za ta sa hannunta a ɗakin mutane da wannan ba.

Daga baya na yi yawo. Na ga matan Agadas suna gyaran bango, na ga na Sudan a hanyar Makka, kowace da ƙasarta da dokar ɗibarta, kuma duk inda na tambaya dokar tana da dalili irin na kakata, ko sun faɗe shi ko ba su faɗa ba. A wuraren haƙar kuza na ga injiniya Bature yana zagin lebura don ya cire itacen da ke tokare da rami, yana yi masa bayanin abin da kakata ta sani ba ta taɓa shiga aji ba. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa a ƙasar Turawa na gan shi, ina dattijo. Aka kai mu wani tudu na jar ƙasa, an kewaye shi da shinge, an yi wa baƙi 'yar hanya ta katako don kada su taka, ga mai gadi. A jikin allo an rubuta da Faransanci cewa haramun ne a ɗebi ko cikin hannu. Na karanta, na sake karantawa. Jan nasu ma bai kai nata ba. Abokin tafiyata ya ga na tsaya ya ce lafiya, na ce masa lafiya lau, ƙafata ce ke ciwo.

Kakata ta rayu shekaru da dama bayan wannan. Ta koma kaɗin auduga kamar sauran tsofaffi. Ƙanwar ubana, wadda take koya wa sana'ar, ta bari, tunda ba abin da za ta koya da shi. Mata suka koma farar ƙasa, daga baya suka rufe bango da jeren kwanoni. Ɗakuna ukun nan na ƙarshe sun tsaya har na yi aure, sannan aka rushe su ɗaya bayan ɗaya aka yi na siminti. Tun daga daminar nan ba a sake ɗibar jar ƙasa a tudun ba, ba a kuma sake shafa ɗaki da ita a Illela ba. Sana'ar ta ƙare a kan kakata.